Wayar Tafi-Da-Gidanka: Ta Raya Waɗansu Sana'o'i, Ta Binne Waɗansu

A ƙasar Hausa, tun fil azal, sana'a gado ce. Ɗan maƙeri a bakin zuga-zugi yake tashi, ɗan marini hannunsa ya saba da baba tun bai san darajar kuɗi ba, ɗan mahauci kuwa ba a makaranta ake koya masa riƙon wuƙa ba. Mutum yakan koyi sana'a yana yaro, ya tsufa a cikinta, sa'an nan ya bar wa 'ya'yansa ita tare da kayan aikinta da abokan cinikinta. Ko da aikin albashi ya zo bai rushe wannan tunani ba, gama wanda ya sami aiki a Reluwe ko Gidan Waya yakan ɗauka ya sami matsugunin shekara 35, daga nan sai fansho.

To, zamani ya zo da wani sabon al'amari. A yau akwai sana'o'in da aka haife su, suka yi tashe, suka ciyar da dubban gidaje, kana suka mutu, duka cikin abin da bai wuce shekara goma ba. Akwai kuma manyan kamfanoni waɗanda ake ganin sun fi ƙarfin faɗuwa, amma aka wayi gari babu su sai labari. Babu inda wannan ya fito fili a Nijeriya kamar a sha'anin waya, daga shekarar 2001 zuwa yau. Tarihin waɗannan shekaru abin dubawa ne ga duk mai neman abinci, ko da shi ba waya yake sayarwa ba, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa.

Zamanin Wayar Girke

Ita kanta kalmar "waya" tana ɗauke da tarihi. Asalinta ƙarfen nan ne da Turawa suka miƙa bisa turaku don aika saƙon tangaraho, shi ya sa har wa yau ake kiran ofishin aika wasiƙu gidan waya. An haɗa Ikko da Landan da wayar ƙarƙashin teku tun 1886, amma don amfanin hukumar mulkin mallaka da kamfanonin Turawa. Sa'ad da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, layukan tarho a ƙasar baki ɗaya ba su kai dubu 20 ba.

A 1985 gwamnati ta raba tsohon sashen nan na wasiƙu da wayoyi, wanda aka fi sani da P&T, gida biyu. Ɓangaren wasiƙu ya zama NIPOST, ɓangaren tarho kuwa aka gama shi da kamfanin NET mai kula da wayar ƙasashen waje, aka sami NITEL. Shi wannan kamfani ba shi da kishiya. Mai bukatar layi sai ya cika takarda, ya biya kuɗi, ya zauna jira na watanni, wani ma na shekaru. In ya samu kuma, ruwan sama ɗaya ya isa ya kashe layin, sai a shiga zarya ana roƙon masu gyara. Talaka in yana son jin muryar ɗan'uwansa na nesa, ko dai ya je ofishin NITEL ya bi sahu, ko kuwa ya je gidan wani attajiri ya ci arziki. Har zuwa farkon 2001 layukan da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da jama'arta suka tasam ma miliyan 120.

Wannan ƙaranci shi kansa ya ciyar da mutane da yawa. Akwai malaman da ke zama a ƙofar gidan waya da alƙalami da ambulan suna rubuta wa jama'a wasiƙa a biya su. Akwai masinjoji a kowane ofis. Akwai direbobin tasha waɗanda ke kai wasiƙa da saƙon kuɗi daga Ikko ko Fatakwal zuwa Kano da Sakkwato, a ba su goro. 'Yan ci-rani waɗanda ba su iya rubutu ba sukan naɗi muryarsu a kaset su aika gida. Labarin rasuwa kuwa sau da yawa a sanarwar gidan rediyo dangi suke jinsa, bayan an riga an yi jana'iza.

Gwanjon Da Ya Sauya Ƙasa

Tun 1992 gwamnatin soja ta kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, da nufin buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa, amma abin bai yi wani tasiri ba sai bayan komowar mulkin farar hula a 1999. Cikin watan Janairu na 2001, a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, hukumar a ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe ta yi gwanjon lasisin wayar salula a Abuja a bainar jama'a. Aka tsaya a kan Dala miliyan 285 kowane lasisi. MTN na Afirka ta Kudu ya ci ɗaya, Econet mai asali da Zimbabwe ya ci ɗaya, na ukun kuma kamfanin CIL ne, wanda aka soke nasa bisa rashin cika sharaɗin biya. Shi kuwa NITEL an keɓe masa lasisi guda a kan wannan farashi.

Abin lura shi ne manyan kamfanonin waya na Turai da Amurka ba su shiga wannan gwanjo ba. Sun dubi lissafin abin da ɗan Nijeriya ke samu a shekara bisa takardun hukuma, suka ga kasuwar ba ta cancanci kasada ba. Abin da lissafin bai ƙirga ba shi ne kuɗin da ke yawo a Kantin Kwari da Alaba da Anacha ba tare da ya bi ta banki ba, da kuma irin ƙishirwar magana da ke damun mutanen da kasuwanci da ci-rani suka warwatsa. Waɗanda suka yi kasadar sun tarar da masu saye sun ninka abin da suka zata sau da yawa, har Nijeriya ta zama babbar kasuwar MTN fiye da ƙasarsa ta asali.

Cikin watan Agusta na 2001 aka soma sayar da layi. Kuɗinsa ya kai Naira dubu 20 ko fiye, alhali kuwa mafi ƙarancin albashin ma'aikacin Gwamnatin Tarayya a lokacin Naira 7,500 ne. Kira kuma Naira 50 ne kowane minti, in mutum ya ƙetare minti da sakan biyu sai a caje shi kuɗin minti biyu. Duk da haka jama'a suka yi ta rububi. Kafin ƙarshen 2002 layukan salula sun haura miliyan ɗaya da rabi, watau cikin wata goma sha shida an ninka abin da aka tara cikin shekara ɗari.

Su ma kamfanonin ba a ruwan sanyi suka samu ba. Da yake wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, tilas suka girka janareto a gindin kowane turken sadarwa, suka ɗauki masu gadi da masu kai man gas. Da hanyoyin NITEL suka gaza ɗaukar nauyin kira tsakanin birane, tilas suka shimfiɗa nasu. Ta haka kamfanin da ya zo sayar da magana ya sami kansa yana aikin lantarki da gini da tsaro.

Daga Minti Zuwa Sakan

Ba a daɗe ba murna ta soma komawa ciki. Jama'a suka shiga kuka da tsadar kira da yankewar layi, suka nemi a riƙa cajinsu daidai abin da suka yi magana. Kamfanonin farko suka ce wannan ba zai yiwu ba tukuna. Mutane suka ƙirƙiro nasu dabarun, kamar filashin, inda mutum zai buga ya katse don a kira shi. Ran 19 ga Satumba, 2003, har kashe wayoyi aka yi a faɗin ƙasa don nuna fushi.

Amma abin da ya karya farashi gasa ce. Mike Adenuga, wanda shi ne ya rasa lasisin CIL, ya komo ta wata ƙofa da kamfanin Globacom, ya soma aiki ran 29 ga Agusta, 2003, ya kuwa zo da cajin sakan-sakan tun ranar farko, ya kuma rage kuɗin layi ƙwarai. Cikin 'yan watanni abin da aka ce ba zai yiwu ba sai ga shi kowa yana yi. Daga nan farashi ya yi ta gangarawa, har layin da aka saya da albashin wata uku ya zama abin da ake tallarsa a bakin titi da kuɗin cefane. Wajen 2012 layukan da ke aiki sun haura miliyan 100.

Faɗuwar Giwa

Duk wanda ya auna kamfanonin nan a 2001 zai ce NITEL ne a gaba. Yana da gine-gine a kowane babban gari, yana da wayoyi a ƙarƙashin ƙasa, yana da ƙwararrun injiniyoyi, yana da rabo a wayar teku ta SAT-3, ga kuma lasisin salula a hannu wanda ya gudanar da sunan M-Tel. Amma dukiyar ba ta cece shi ba. Shawarar da abokin gasa zai yanke cikin mako guda, shi sai ta bi ta ofis-ofis na gwamnati. Ma'aikatun gwamnati sun ci bashinsa mai yawa ba su biya ba. Babbar illa kuwa ita ce kamfanin ya girma a zamanin da mai saye ne ke roƙo, bai taɓa koyon yadda ake lallashin abokin ciniki ba, gama bai taɓa bukatar haka ba.

Gwamnati ta yi ta ƙoƙarin rabuwa da shi. Cinikin farko da wani kamfani mai suna IILL, na sama da Dala biliyan ɗaya, ya rushe a 2002 don masu sayen sun kasa biya. A 2003 aka danƙa ragamarsa ga kamfanin Pentascope na ƙasar Holan, aka soke yarjejeniyar a 2005. A 2006 aka sayar wa Transcorp, gwamnati ta karɓe abinta a 2009. Kowace shekara da ta wuce darajarsa raguwa take yi, domin abokan cinikinsa sun riga sun watse. Daga ƙarshe aka sayar da kadarorinsa ga kamfanin NATCOM a kan Dala miliyan 252, kuɗin da bai kai na lasisin salula guda ɗaya na 2001 ba, aka buɗe ntel a kan kufansa a 2016.

Waɗanda suka fi jin jiki su ne ma'aikata. Dubbai aka sallama, suka shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu. Matasan injiniyoyi waɗanda suka yi saurin gane inda iska ta dosa sun tsallaka sababbin kamfanoni tun da wuri. Amma mutumin da ya yi shekara ashirin yana hawa turke yana haɗa wayar tagulla, ko macen da ta ƙware a haɗa kira a ɗakin ofareta, sun tarar da gwanintarsu ba ta da mai saye ko'ina.

'Yan Lema Da Magadansu

Bahaushe ya ce faɗuwar wani tashin wani. Da yake a farkon zamanin salula ba kowa ke iya mallakar waya ba, sai wata sana'a ta ɓullo a kowace kwana: tebur guda, kujera biyu, lema mai launin kamfani, da waya. Mutum ya zo ya yi kira ya biya kuɗin minti. Dubban samari da 'yan mata, har da masu digiri waɗanda suka rasa aikin ofis, da wannan suka riƙe kansu, waɗansu suka yi aure, waɗansu suka biya kuɗin makaranta. Amma da wayoyi masu araha suka cika kasuwa, kowa ya sa tasa a aljihu, sai ciniki ya ƙafe. Ba a yi shekara goma ba sana'ar ta zama tarihi.

Masu wayo a cikinsu suka koma sayar da kati. Wannan ma ta yi zamaninta, da manyan diloli da ƙanana har zuwa yaron da ke bin motoci da kati a hannu. Sa'an nan bankuna suka fito da 'yan lambobin da mutum zai danna ya sayi kati daga asusunsa yana kwance a ɗaki, sai kasuwar katin kankarewa ta yi sanyi. Haka nan shagunan shiga intanet, waɗanda a da ake kwana a cikinsu, wayar zamani ta kwashe musu jama'a. Waɗanda suka saura su ne suka juya zuwa buga takardu da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa.

Waya ta kuma haɗiye waɗansu kayayyaki ɗungurungum: agogo, da tocila, da rediyo, da na'urar lissafi, da kyamara. Mai hoton da ke yawo gidan biki da gidan suna ya ga aikinsa ya koma hannun kowa. Masu gyaran agogo da rediyo da yawa suka ɗauki 'yan ƙananan sukundirebobinsu suka koma gyaran waya, gama hannun da ya saba da ƙaramin aiki bai rasa abin yi ba. Ta haka unguwar Otigba a Ikeja ta zama kasuwar nan da ake kira Computer Village, a Kano kuma Farm Centre da titin Beirut suka cika da dubban matasa masu saye da sayarwa da gyara. Rashin wuta shi ma ya haifi tasa sana'ar, watau rumfunan cajin waya.

Masu shirya finafinan Hausa su ma guguwar ba ta bar su ba. A da dilolin Ƙofar Wambai a Kano su ne masu faɗa a ji, domin ta hannunsu kaset da faifai ke isa ga masu kallo. Da masu tura fim da waƙa a waya suka bazu a kasuwanni da tashoshi, suna cika wa mutum wayarsa da 'yan kuɗi kaɗan, sai cinikin faifai ya durƙushe. Masu sana'ar suka koma shirya wasanni masu dogon zango ga tashoshin talabijin irin su Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, da kuma YouTube. Yanzu kuwa su kansu masu turin, gwargwadon yadda jama'a ke iya kallo kai tsaye a wayoyinsu, gwargwadon yadda cinikinsu ke raguwa.

Fatake Da Dillalai

Fataucin da ke tsakanin Arewa da Kudu ya girmi Nijeriya, kuma a kan labari da amana aka gina shi. Falken da ya kai shanu Badun ko ya je sarin goro Shagamu, ba shi da idon da ya wuce mai masaukinsa. Shi ne ya san farashin yau, shi ya san wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba, a kan haka yake cin la'adarsa. Manomin albasa a Aliero ko mai tumatir a Kadawa yakan loda mota ne bisa tawakkali, bai san abin da zai tarar a Mil 12 ba sai ya isa.

Waya ta rushe wannan duhu. A yau kafin a ɗaura buhu an riga an ji farashin Ikko da na Anacha da na Dawanau, an zaɓi inda ya fi. Wata masaniyar tattalin arziki Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa shigowar wayar salula ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ma'anar wannan ita ce ribar da ake ci a kan jahilcin mai kaya ta ragu.

Sai dai dillanci bai mutu ba, rabewa ya yi gida biyu. Dillalin da jarinsa duka ɓoye farashi ne, waya ta tona shi. Amma wanda jarinsa amana ce, wanda zai tsaya wa baƙo a kan bashi, ya duba lafiyar dabba da idonsa, ya sasanta rigima in ta taso, shi waya ƙara masa ciniki ta yi, gama yanzu yana iya kula da fatake goma a garuruwa goma ba tare da ya bar rumfarsa ba.

Manya Ma Ba Su Tsira Ba

Kada a zaci waɗanda suka kayar da NITEL sun sami zaman lafiya. Kamfanin da ya soma da sunan Econet ya sauya hannu da suna sau da dama, ya zama Vmobile, ya zama Celtel a 2006, Zain a 2008, kana Airtel a 2010. Kamfanoni irin su Starcomms da Multi-Links da Visafone, waɗanda suka bi wata fasaha dabam da ta sauran, sun yi tashe na ɗan lokaci suka shuɗe, MTN ya saye Visafone. Etisalat, wanda ya shigo a 2008 da ƙarfinsa, ya ci bashin bankuna na Dala biliyan 1.2, darajar Naira ta faɗi, ya kasa biya, masu shi na Daular Larabawa suka janye a 2017, ya koma 9mobile. MTN kansa hukuma ta ci shi tarar sama da Naira tiriliyan ɗaya a 2015 saboda rashin katse layukan da ba a yi wa rajista ba, kafin a rage ta zuwa biliyan 330.

Haka abin yake ga masu ƙera wayoyin. An yi lokacin da in an ce waya a Nijeriya to Nokia ake nufi. Kamfanin bai yi saurin tarbar wayar shafawa ba, a 2014 ya sayar da sashen wayoyinsa ga Microsoft. BlackBerry ma ya yi tashe ya wuce. Wanda ya gaje kasuwar kuwa wani kamfanin ƙasar Sin ne, Transsion, mai Tecno da itel da Infinix, wanda ya zauna ya nazarci mai sayen Afirka. Ya lura mutum yana yawo da waya biyu ko uku don babu layin da ke kamawa ko'ina, sai ya ƙera mai ɗaukar layi biyu. Ya lura babu wuta, sai ya ƙara ƙarfin batir. Ya gyara kyamara ta dace da baƙar fata, ya kuma sa farashi daidai aljihu.

Dabarun kamfanonin sadarwar su ma sun juya. Turakun da a farko su ne abin alfaharinsu, daga baya suka soma sayar da su ga kamfanoni irin su IHS, suka koma 'yan haya, don su huta da ɗawainiyar janareto. Isowar sababbin wayoyin teku, MainOne da Glo-1, a 2010 ta karya farashin intanet, sai WhatsApp ya cinye kasuwar saƙon tes da ta kiran ƙasashen waje. Kamfanin da ya zo sayar da minti ya koma sayar da data.

Waya Ta Zama Banki

Sauyi na baya-bayan nan shi ne na kuɗi. Babban Bankin Nijeriya ya soma shirin rage yawo da tsabar kuɗi a Ikko a 2012, ya ba da izinin naɗa wakilan banki a 2013. Daga nan aka sami sabuwar lema a bakin titi, ta mai POS, sau da yawa ma a daidai inda mai kiran waya ya taɓa zama. Sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, wanda aka sanar a watan Oktoba na 2022, ya jawo ƙarancin kuɗi mai tsanani a farkon 2023. Na'urorin bankuna da yawa suka gaza ɗaukar cunkoson, sai jama'a suka karkata ga sababbin kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay, waɗanda ba su da dogayen benaye amma saƙonsu yana isa nan take. Mai shayi da mai nama da mai kayan miya duk suka koyi karɓar kuɗi ta waya. MTN da Airtel su ma sun karɓi lasisin ƙananan bankuna a 2022.

Falken da a da yake ɗaure kuɗin shanu a ƙugu yana fargabar 'yan fashi, yanzu kafin motar ta bar kara kuɗinsa sun shiga. Amma dogaron ya zo da nasa haɗari. 'Yan damfara sun sami sabuwar gona, masu satar mutane kuma da waya suke cinikin fansa. Sa'ad da aka katse sadarwa a Jihar Zamfara cikin watan Satumba na 2021 saboda sha'anin tsaro, cinikin jama'a ya tsaya cik, har mutane suka riƙa tafiya maƙwabtan jihohi don su yi kira ɗaya ko su aika kuɗi.

Abin Da Tarihin Ya Nuna

In aka jera waɗannan labarai za a ga zare ɗaya ya ɗinke su. Kowace sana'a daga cikinsu a kan wani giɓi take cin abinci. Marubucin wasiƙa ya ci a kan rashin waya da rashin karatu. NITEL ya ci a kan ƙarancin layi. Mai lema ya ci a kan tsadar waya, mai kati ya ci a kan rashin hanya tsakanin banki da waya, mai turi ya ci a kan tsadar data. Ranar da aka cike giɓin, ranar sana'ar ta soma mutuwa, komai ƙwazon mai ita. Sau da yawa kuma a lokacin da ciniki ya fi daɗi ne mai cike giɓin yake kan hanya, domin yawan ribar shi ke jawo hankalinsa.

Saboda haka tambayar da ta kamaci mai sana'a, babba ko ƙarami, ita ce: wane rashi ne ke kawo masa jama'a, wa kuma ke ƙoƙarin kawar da wannan rashi? Mai POS, alal misali, yana ci ne a kan ƙarancin rassan banki da bukatar tsabar kuɗi. Duk ranar da mai goro da mai acaɓa suka daina neman tsaba, lemarsa za ta bi sahun ta mai kiran waya. Mai kwarmin ido kuwa da wuri yake fara kuka. Waɗanda suka ƙetare daga sana'a zuwa sana'a cikin shekarun nan su ne waɗanda suka tara jari tun ciniki na gudana, suka riƙe wurin zamansu da amincewar jama'arsu, suka kuma yarda su koma ɗalibai bayan sun zama gwanaye.

Akwai nauyi a wuyan iyaye da hukuma. Yaron da aka kai koyon gyaran waya a yau, wayar da zai gyara nan da shekara goma ba ta yi kama da ta yanzu ba. In iyakar abin da ya sani shi ne sauya gilashi, to, zamaninsa gajere ne. In kuwa ya iya karatu da lissafi, ya fahimci yadda lantarki ke aiki, duk na'urar da ta zo zai iya buɗe ta. Makarantun koyon sana'a da jihohi suka gina suka bari suka lalace, da ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya masu dubban yara a ƙarƙashinsu, su ne wuraren da ya kamata a zuba wannan ilimi. Uba a yau ba shi da tabbacin sana'arsa za ta kai ga ɗansa. Abin da yake da ikon bar masa shi ne ilimin da zai koyi wata da shi, da sunan kirkin da zai sa a amince masa a duk kasuwar da ya shiga.